Beli: Wa Za a Saki, Wa Za a Tsare?

Jama'a, mu fara da sanin abin da beli yake nufi. Mutum ne ake tuhuma da laifi, ba a kai ga yanke masa hukunci ba, sai a bar shi ya koma gida bisa sharaɗin zai bayyana duk ranar da aka kira shari'arsa. Ba yafe masa aka yi ba, ba kuma wanke shi aka yi ba. Doka tana ɗaukar kowa marar laifi har sai kotu ta same shi da laifin. A Nijeriya sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ne ya tanadi haka. Daga Ingila muka gaji wannan tsari, haka ma Ostareliya, don haka abin da ya faru a jihar Biktoriya ta can abin dubawa ne a gare mu.

Ranar 14 ga Janairun 2017 'yan sanda suka gabatar da wani mutum mai suna James Gargasoulas, suka ce kada a sake shi. Da yake ba lokacin zaman kotu ba ne, wanda ya saurari batun ba alƙali ba ne, ɗaya ne daga cikin 'yan sa-kai da jihar ke naɗawa don sauraron beli da dare ko a ranakun hutu. Ya ba da belin. Bayan kwana shida mutumin ya daɓa wa ɗan'uwansa wuƙa, ya shiga mota, ya bi ta kan masu tafiya a ƙasa a titin Bourke, tsakiyar birnin Melbon. Mutum shida suka mutu, ciki har da jariri ɗan wata uku da yarinya 'yar shekara goma.

Gari ya ɗauki zafi, kuma babu mai ganin laifin jama'a. Gwamnati ta sa tsohon alƙali Paul Coghlan ya duba dokar, majalisa ta tsaurara ta a 2017 da 2018. A laifuffuka da yawa, maimakon mai gabatar da ƙara ya kawo dalilin tsare mutum, sai ya zama wanda ake tuhuma ne zai kawo hujja mai ƙarfi kafin a sake shi.

To, a nan gizo ke saƙa. Dokar ta haɗa da wanda ya sake yin ƙaramin laifi alhali yana kan beli, ko da ɗaukar kaya ne a kanti. A ƙarshen Disamban 2019 aka kama wata mata 'yar asalin ƙasar, daga ƙabilun da Turawa suka tarar, mai shekara 37, bisa zargin irin wannan sata. Ta tsaya gaban kotu ita kaɗai, babu lauya, aka hana ta beli. Cikin dare a gidan yari ta yi ta danna ƙararrawar ɗakinta tana neman taimako saboda ciwo. Ranar 2 ga Janairun 2020 aka tarar da gawarta a ƙasa. An guje wa gara, an tarar da zago. Mai binciken musabbabin mutuwa ya yi tir da dokar a 2023, aka sassauta ta; a 2025 kuma, da fashi a gidaje da ƙwacen motoci suka tayar da hankali, aka sake tsaurara ta.

Ku lura, a duka biyun tambaya ɗaya ce ba a amsa daidai ba: shin wannan mutum, idan ya fita, zai cutar da wani? A ganina, gyaran da ya fi amfani shi ne wanda ya fi ƙarancin surutu, wato kafa zaman kotu na dare domin alƙali sosai ya riƙa sauraron belin manyan laifuffuka.

Mu ma a nan, dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ba kotu ikon hana beli idan akwai dalilin zaton mutum zai sake aikata laifi, ko ya tsere, ko ya razana shaidu. Amma alƙali bai san gaibu ba, abin da aka kawo gabansa da shi yake aiki. Idan wanda aka ba beli ya yi maka barazana, kada ka yi shiru, kada kuma ka ɗauki doka a hannunka. Ka sanar da ɗan sanda mai binciken ƙarar da mai gabatar da ita, ka nuna musu saƙon waya ko shaidar da ka riƙe, su nemi kotu ta soke belin.