Haƙƙi da Nauyin Ɗalibin Jami'a Mai Karɓar Tallafin Karatu

A ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, waɗanda tare da Bunkure suke mazaɓa guda ta Majalisar Wakilai ta Tarayya a kudancin Jihar Kano, mafi yawan magidanta manoma ne da masu ƙananan sana'o'i, kuɗi kan shigo musu da kaka ya ƙafe da bazara, alhali jami'a tana buɗe rajista bisa jadawalinta ba tare da ta leƙa rumbun kowa ba. Yaron da ya samu gurbi a Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana buƙatar kuɗin rajista da na ɗaki da na abinci da na mota a lokaci guda, kuma tun daga 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur kuma jami'o'in tarayya da dama suka ɗaga kuɗin rajistarsu, wannan kaya ya fi ƙarfin gidaje masu yawa. Saboda haka neman tallafin karatu ya zama wani ɓangare na karatun kansa, kuma ya wajaba ɗalibi da mahaifinsa su san cewa duk wanda ya karɓi irin wannan kuɗi ya shiga yarjejeniya ce, wadda ta ba shi haƙƙin da zai nema ba tare da roƙo ba, ta kuma ɗora masa nauyin da ba zai sauke da godiyar baki kawai ba.

Abin da jama'a ke kira tallafin karatu da suna guda ya kasu gida uku, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin rigingimun da kan biyo baya. Akwai kyauta, wadda ɗalibai ke kira sikolashif ko alawus, wato kuɗin da ba a mayarwa, irin wanda Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Kano take biyan 'yan asalin jihar, da wanda takwararta ta tarayya take bayarwa. Akwai rance, wanda ake biya bayan kammala karatu. Akwai kuma tallafi mai sharaɗin aiki, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin ɗalibi, musamman a fannin likitanci da jinya, shi kuma ya sa hannu cewa zai dawo ya yi mata aiki na wasu shekaru. Kyauta ma ba ta rasa sharaɗi, domin ana bayar da ita ne don karatu, kuma idan karatun ya tsaya ita ma ta tsaya.

Jihar Kano ta yi suna wajen kyautar. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura ɗalibai 501 ƙasashen waje karatun digiri na biyu, kuma a 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin da guraben ɗalibai 1,001, inda aka tura waɗanda aka zaɓa Indiya da Yuganda, bisa sharaɗin cewa mai nema ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya. A 2023 ɗin ce kuma gwamnatin ta amince da naira miliyan 700 domin biyan kuɗin rajistar ɗalibai kimanin 7,000 'yan jihar a Jami'ar Bayero, ta kuma rage rabin kuɗin makaranta a manyan makarantunta.

Rancen kuwa sabon abu ne ga matasan yau, don haka ya fi buƙatar bayani. Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai a watan Yunin 2023, amma dokar ta zo da sharuɗɗan da suka rufe wa talaka ƙofar da aka ce an buɗe dominsa, ciki har da kawo mutum biyu masu tsaya wa ɗalibi daga cikin manyan ma'aikata da lauyoyi da makamantansu, abin da ɗan manomin da ke ƙauyen Kibiya ba shi da hanyar samu. Aka soke ta aka kafa sabuwa a watan Afrilun 2024, wadda ta cire sharaɗin masu tsayawa, ta cire iyakar abin da iyali ke samu a shekara, ta kuma hana a hana yaro rance saboda bashin da ke kan iyayensa. Asusun da ke gudanar da shirin, wanda aka fi sani da NELFUND, ya buɗe shafinsa na intanet a watan Mayun 2024, kuma tsarinsa shi ne ya biya kuɗin makaranta kai tsaye a asusun jami'a, sannan ya riƙa tura wa ɗalibin da ya nema naira 20,000 kowane wata domin ɗawainiyar kansa. Rancen ba shi da kuɗin ruwa, na ɗaliban makarantun gwamnati ne, kuma ba a fara neman biyansa sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi, ko na ribar wanda ke sana'ar kansa.

Haƙƙi na farko da ɗalibi yake da shi shi ne a sanar da shi, a kuma auna shi da ma'aunin da aka auna kowa. Sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa gwamnati samar da damar ilimi daidai wa daida ga 'yan ƙasa, kuma ko da yake wannan sashe yana cikin babin manufofin da ba a kai gwamnati kotu a kansu kai tsaye, ya isa ya nuna cewa kuɗin da hukuma ta ware wa ɗalibai dukiyar jama'a ce da ta fito daga haraji da kason jiha. Wanda ya cika sharuɗɗa ba ya buƙatar uban gida kafin sunansa ya shiga jeri, kuma ba a halatta wa kowane ma'aikaci ya nemi na goro ko ya yanki wani kaso daga abin da aka ba ɗalibi ba. Haka nan takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi kafin a je sakatariya, haƙƙin kowane ɗan ƙasar Rano ko Kibiya ne, ko mahaifinsa yana jam'iyyar da ke mulki ko yana ta adawa. A nan ya kamata a bambanta tallafin da ɗan siyasa ya bayar daga aljihunsa, wanda alheri ne da ya cancanci yabo, da wanda ya bi ta hannunsa daga baitulmalin gwamnati. Ko a wanne hali, ƙuri'ar ɗalibi ba ta cikin abin da ya jingina, kuma tallafin da aka gindaya wa sharaɗin yawon kamfe ko zagin abokan hamayya a Facebook ya sauka daga matsayin tallafin karatu ya koma ladan aiki.

Haƙƙi na biyu shi ne ɗalibi ya san inda kuɗinsa ya kwana. Da yake kuɗin rancen yana shiga asusun makaranta ne ba hannun ɗalibi ba, yana yiwuwa a biya ba tare da ya sani ba, ko kuma kuɗin ya iso bayan mahaifinsa ya riga ya sayar da buhunan masara ko ɗan rago ya biya rajista don gudun a rufe. A irin wannan hali makaranta ta karɓi kuɗi sau biyu a kan mutum guda, kuma wajibi ne ta mayar wa ɗalibi abin da ya biya, tun da shi za a bi bashin. A 2025 ƙorafe-ƙorafe irin waɗannan sun yi yawa a faɗin ƙasa har hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta shiga bincike. Abin da zai ceci ɗalibi shi ne takarda: rasidin banki, da shaidar rajista, da saƙon da NELFUND ya aiko masa. Da su zai tunkari ofishin kula da harkokin ɗalibai da na ma'ajin jami'a a rubuce, ya riƙe kwafi, idan ba a saurare shi ba ya kai ƙorafinsa ga NELFUND, kuma idan lamarin ya shafi kuɗin jiha akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙaramar hukuma za su fi amfanar 'ya'yansu da irin wannan bibiya fiye da shirya bikin karrama manya.

Mai bayarwa ma yana da alkawarin da zai cika, wato biya a kan lokaci. Ɗaliban Nijeriya da aka tura Rasha da Maroko da Hangare da wasu ƙasashe bisa yarjejeniyar musayar ilimi tsakanin gwamnatoci sun shafe watanni ba a biya su alawus ba, har a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da ɗaukar sababbi. Ɗalibin da ya tuna wa hukuma alkawarinta cikin ladabi bai yi butulci ba.

Ta fuskar nauyi, gaskiya ce a gaba. Neman rance yana buƙatar lambar JAMB, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN, da lambar ɗalibta, kuma da yake intanet ba ya wadatar kowane ƙauye, da yawa sukan miƙa waɗannan bayanai ga mai shagon kwamfuta ya cike musu. Wannan ba laifi ba ne, amma duk abin da aka rubuta da sunan ɗalibi shi zai amsa shi, don haka dole ya zauna a cike a gabansa, ya tabbatar lambar waya da adireshin imel da asusun banki nasa ne ba na mai shago ba, kuma kada ya bar kalmar sirrinsa a hannun kowa. Amfani da takardar bogi, ko satar amsa a jarrabawa, ko shiga ƙungiyar asiri, ko mu'amala da miyagun ƙwayoyi, duk suna iya raba ɗalibi da tallafinsa tare da gurbinsa. Nauyi na gaba shi ne karatun kansa, domin jami'a tana tara makin kowane zango ta fitar da matsakaicinsa, kuma wanda makinsa ya faɗi ƙasa da iyaka ana yi masa gargaɗi, idan bai farfaɗo ba a sallame shi. Wanda aka sallama bayan an biya masa rajistar shekara biyu ya fita ba digiri, bashin kuma yana nan da sunansa.

Akwai wani al'amari da takardun hukuma ba sa ambatawa, amma duk wanda ya san gidajen karkara ya san shi. Da zarar an ji cewa yaro yana samun naira 20,000 a wata, sai a fara kallonsa a matsayin mai albashi: ƙane zai nemi kuɗin littafi, inna za ta nemi na magani, a biki ma a sa masa nasa kason. Taimakon iyaye abin yabo ne, kuma ba wanda zai zargi yaron da ya tsakura ya aika gida ranar da babu. Sai dai wannan kuɗi ko ciyar da shi kaɗai ba ya yi a birnin Kano har wata ya ƙare, kuma idan na rance ne, duk nairar da aka ci a gida shi kaɗai zai biya ta nan gaba. Iyayen da suka fahimci haka sukan bar masa abinsa, su ƙara masa da tsaba da ƙuli da man gyaɗa idan zai koma makaranta. Haka kuma ɗalibar da aka aurar tana tsakiyar karatu, rancen da ta karɓa yana kanta ne ba kan miji ba, don haka ya kamata a yi maganarsa a fili tun wajen neman aure, a kuma bar ta ta ƙarasa abin da za ta biya da shi.

Batun biya shi ne ya fi kowanne nauyi, saboda Nijeriya ta taɓa gwada rancen ɗalibai ya mutu. An kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972 zamanin Janar Yakubu Gowon, aka maye gurbinta da Bankin Ilimi a 1993, kuma babban abin da ya durƙusar da shirin shi ne kasa karɓo bashi daga waɗanda suka ci, waɗanda da yawansu suka ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa. Wannan tunani na cewa kuɗin gwamnati ba shi da mai shi yana nan da ransa, kuma har yanzu ana jin masu cewa a karɓa kawai, wata gwamnati za ta zo ta yafe. Amma asusun rance yana rayuwa ne da abin da ya koma cikinsa, kuma wanda ya ƙi biya yana da hali ya ci kason yaron da ke ajin sakandare a Rurum ko Kibiya a yau. Al'ummar Musulmi ba baƙuwar wannan hukunci ba ce, domin rance marar ruwa abu ne da shari'a ta kwaɗaitar a kansa, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wadda ke Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ana biyan bashin mamaci kafin a raba gadonsa. Dokar 2024 ita ma ta bambanta wanda ya kasa da wanda ya ƙi: wanda bai samu aiki ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa ta hanyar rantsuwar kotu cewa ba shi da abin shiga, ana yafe bashin wanda ya rasu, amma wanda ya yi ƙarya a wannan rantsuwa yana fuskantar ɗaurin shekara uku.

Masu tallafi mai sharaɗin aiki su ma bashi ne a kansu, sai dai da shekaru ake biyansa ba da naira ba. Likita ko malamar jinyar da jiha ta ɗauki nauyinta, idan aka tura ta Babban Asibitin Rano ko wani asibitin karkara ta nemi hanyar komawa birni tun kafin wa'adinta ya cika, ko ta fice ƙasar waje ba tare da ta warware yarjejeniyar ba, ta bar giɓi a daidai wurin da aka kashe kuɗin don a cike shi. Yarjejeniyar kan faɗi adadin shekarun da za a yi da abin da za a mayar idan an saɓa, kuma ya kamata ɗalibi da wanda ya tsaya masa su karanta waɗannan sharuɗɗa tun kafin su sa hannu, su nemi kwafi su adana, domin ana iya neman wanda ya tsaya ɗin idan aka rasa wanda aka tsaya wa.