Kimiyya a Rumfar Mai Faci: Dalilin Cijewar Bakin Tiyon Iska da Hanyar Kwance Shi

Gabatarwa

Da wuya a yi tafiya mai nisa a kan titunan Kano ko Zariya ko Maraɗi ba a ga rumfar mai faci da injinsa na bugun iska ba. Daga wannan injin akwai tiyon roba, a ƙarshensa kuma akwai baki na ƙarfe wanda ake ɗaurawa da zare irin na noti. Sau da yawa bakin nan yakan cije ya ƙi kwancuwa. Wanda ya sa masa ƙarfi babu lissafi yakan cinye zaren ko ya yaga tiyon, wani lokaci ma ya ji wa kansa rauni. Wannan darasi zai bayyana dalilan cijewar da matakan kwancewa, domin a cikin wannan ƙaramin aiki akwai darussa da dama na kimiyyar sakandare.

Yadda zare yake aiki

Zaren noti gangara ce da aka naɗe a jikin sanda. Hannu yana yin doguwar tafiya a da'ira, shi kuwa ƙarfen yana matsawa gaba ɗan kaɗan da ƙarfi mai yawa. A bakin tiyo mai girman rubu'in inci irin na Amurka akwai layin zare 18 a kowane inci, wato juyi ɗaya yana shigar da shi milimita 1.4. Idan sufana tana da tsawon santimita 15, hannu zai zagaya santimita 94 kafin a sami wannan 'yar shiga. Mafi yawan ƙarfin yana tafiya ne wajen gogayya tsakanin ƙarafan biyu, kuma gogayyar ce take riƙe bakin kada ya kwance da kansa.

Haka kuma zaren bututu irin wannan yana tsukewa, inda faɗinsa ke raguwa da milimita 1 a kowane tsawon milimita 16. Saboda haka duk juyin da aka ƙara yana ƙara cusa shi tamkar yadda ake cusa ƙota a gatari.

Dalilan cijewa

Na farko shi ne tsatsa. Iskar da injin yake matsawa tana ɗauke da tururin ruwa, musamman da damina. Idan ta huce sai tururin ya koma ruwa ya bi tiyo. Ruwa da iskar oksijin suna cin baƙin ƙarfe, tsatsar da take fitowa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci ɗaukar wuri, don haka sai ta cike ratar da ke tsakanin zare da zare.

Na biyu shi ne haɗuwar ƙarafa iri biyu. A shekarar 1800 Alessandro Volta na ƙasar Italiya ya nuna cewa ƙarafa biyu mabambanta da ruwan gishiri a tsakaninsu suna samar da lantarki, kuma daga nan batir ya samo asali. Idan aka ɗaura bakin tagulla a jikin alminiyom, danshi ya shiga, an sami ɗan ƙaramin batir ke nan. Alminiyom ne yake cinyewa, ya bar wani farin gari da ke liƙe su wuri ɗaya.

Na uku shi ne haɗa zaren da bai dace ba. Zaren Ingila, wanda Joseph Whitworth ya tsara a 1841, yana da kusurwa mai digiri 55, na Amurka kuwa digiri 60. A girman rubu'in inci, na Ingila layi 19 ne, na Amurka 18. A ido kamar ɗaya suke, kuma sukan shiga juna juyi biyu ko uku, sa'an nan su ciji juna. Bawul ɗin taya shi ma da nasa zaren dabam, mai layi 32 a inci, irin wanda August Schrader da ɗansa George suka fito da shi a birnin Niyok a farkon shekarun 1890.

Matakan kwancewa

1. A kashe injin, a saki dukkan iskar da ke cikin tanki da tiyo. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar matsin iska kusan ninki biyu a kan na sararin duniya, tankin injin kuwa ya fi haka nesa. Bakin da ya ƙwace da iska a bayansa yana iya fasa ido.

2. A goge wurin da burushin waya, a ɗiga kananzir ko man kwance tsatsa, a ba shi lokaci. Mai marar kauri yana hawa siririyar rata da kansa kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. A share wanda ya taɓa tiyon, domin man fetur da danginsa suna lalata wasu nau'o'in roba.

3. A ɗan bubbuga gefen bakin da ƙaramar guduma. Tsatsa ba ta lanƙwasawa, fashewa take yi, girgizar kuma tana buɗe wa mai hanya.

4. A yi amfani da sufana biyu masu daidai girma, ɗaya ta riƙe ɓangaren tiyo, ɗaya ta juya bakin zuwa hagu, wato kishiyar tafiyar hannun agogo. Filaya tana cinye kusurwoyin tagulla saboda taushinta. Ƙarfin juyi shi ne ƙarfin hannu sau tsawon sufana. Niyuton 200 a kan sufana mai santimita 15 yana ba da niyuton-mita 30, a kan mai santimita 30 kuwa yana ba da 60. Amma wannan ƙarin yana iya karya bakin, saboda haka a ja a hankali, ana ɗan mayarwa dama ana komowa hagu.

5. Idan ya ƙi, a zuba tafasasshen ruwa a kan ƙarfen da ke waje. Duk ƙarfe yana buɗewa da zafi, sai dai ba daidai ba. A kowane digiri ɗaya, baƙin ƙarfe yana ƙaruwa da kashi 12 cikin miliyan, tagulla 19, alminiyom 23. Zoben alminiyom mai faɗin milimita 13 da zafinsa ya tashi daga digiri 30 zuwa 100 zai buɗe da milimita 0.02. Wannan bai kai kaurin gashi ba, amma yakan isa ya fasa tsatsa. A juya nan take kafin zafin ya kai ga na ciki. Kada a kusanto da wuta wurin roba ko mai, kuma ba a taɓa ɗumama ƙarfen da taya ke jikinsa, domin taya tana iya fashewa ta yi kisa.

6. Idan duk wannan bai yi ba, a yanke tiyon a bayan bakin, a sa sabo, a ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe.

Rigakafi

A fara ɗaura baki da hannu. Idan ya tsaya tun juyin farko, zaren bai dace ba, kada a tilasta shi. A naɗa farin tef ɗin masu aikin famfo a zaren bututu, a bi hanyar da ake ɗaurawa. Sinadarin wannan tef, wanda Roy Plunkett ya gano a 1938, yana rage gogayya kuma yana toshe rata. A riƙa zubar da ruwan tanki kullum bayan an tashi aiki.

Aiki a aji

Malami zai iya tanadar kofi biyu na ruwan gishiri da ƙusa biyu. A naɗa wa ɗaya wayar jan ƙarfe, a bar ɗayar haka nan, a saka kowace a kofinta. Bayan kwana uku ɗalibai su kwatanta tsatsarsu, sa'an nan su amsa waɗannan tambayoyi:

1. Wace ƙusa ce ta fi tsatsa, kuma me ya sa?
2. Nawa ne ƙarfin juyi idan aka sa niyuton 150 a kan sufana mai santimita 20?
3. Idan na waje baƙin ƙarfe ne, na ciki tagulla, aka ɗumama su daidai, bakin zai saki ne ko zai ƙara matsewa?