Ga Masu Shirin Zaga Turai da Tanti

'Ya'yana, na ji kuna shirin ɗora tanti a mota ku zaga Italiya da Faransa da Sifaniya da Fotugal a hutun bazara. Allah ya kai ku lafiya. Amma ku rage ƙasashen nan. Sauri ya haifi nawa. Wanda ya yini riƙe da sitiyari kwalta kawai ya gani, sai kuɗin hanya da ya yi ta zubewa a shingayen Faransa da Italiya.

Ba ko'ina ake kafa tanti ba. A galibin wuraren nan doka ta keɓe sansanoni, a biya kuɗi a sami ruwa da banɗaki. Watan Agusta kuwa kusan kowa hutu yake, don haka ku kama wuri tun kafin ku tashi, ku kuma isa da sauran rana.

Abin da ya fi damuna wuta ce. Dajin kudancin Turai yakan bushe ƙayau da bazara, ga iska. A watan Yunin 2017 gobarar daji ta ci mutum 66 a yankin Pedrógão Grande na Fotugal, da yawansu a kan titi, cikin motocinsu, suna ƙoƙarin tsira. Kada ku hura wuta a ƙasa ko da ta shayi ce. Ku yi girki a inda masu sansani suka nuna muku. In kun hango hayaƙi ku buga 112, lambar da ke aiki a duk ƙasashen huɗu, ku bi abin da jami'ai suka ce.

A tsofaffin biranen Italiya irin su Filorens, ku ajiye mota a waje ku shiga da ƙafa. Akwai unguwannin da aka hana motar baƙo shiga, kyamara ce ke gadi, takardar tara kuma sai ta biyo mutum gida bayan watanni.

Kwanakin da kuka rage, ku kai su Andalus ta Sifaniya. Ku sayi tikitin fadar Alhamra ta Garnaɗa tun da wuri, don yakan ƙare. Daga garin nan Abu Ishaƙ as-Sahili ya fito, wanda ya biyo Mansa Musa zuwa Mali bayan hajjin 1324. Masallacin Ƙurɗuba kuwa coci ne yanzu, ba a barin yin salla a ciki, ku sauke farali kafin ku shiga. Ku je da sassafe, don zafin garin yakan haura digiri 40.