Nazari Kan Ƙin Tashin Inji Mai Tarbo Idan Ya Ɗau Zafi

Tarbo na'ura ce wadda hayaƙin inji ke juyawa don ta cusa masa ƙarin iska. Idan aka sauya wa irin wannan inji kaya domin ƙarin ƙarfi, akan tarar yana tashi lafiya lau da safe, amma in an kashe shi bayan doguwar tafiya sai ya ƙi.

Dalili shi ne, da zarar an kashe inji, ruwa da iska sukan daina zagayawa, alhali hayaƙin da ya ratsa tarbo zafinsa yakan wuce digiri 800. Zafin nan sai ya taru ƙarƙashin bonet. In famfon mai ba ya riƙe matsi, fetur yakan tafasa cikin bututu, inji ya sami tururi maimakon mai.

Akan kuma sami akasin haka inda aka sa manyan injekta, wato mai ya yi yawa har fulogi su jiƙe. Gwajinsa ba wuya: a take totur har ƙasa sannan a murza makulli. In ya tashi da baƙin hayaƙi, to sai a duba na'urar auna zafin ruwa tukuna, kafin a zargi batir, wanda makanikai kan yi garajen canzawa.