Modem da Waya: Nazarin Rayuwar Baƙin Kalmomi a Ƙasar Ngaski

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a gano dalilin da ya sa wata baƙuwar kalma takan sami gindin zama a harshe, wata kuwa ta wuce ba ta bar sawu ba. Za a kafa hujja da kalmomi biyu, wato modem da waya.

Modem

Modem na'ura ce da ke juya saƙon kwamfuta ya koma sauti, don ya bi ta layin tarho. Wanda kamfanin Hayes na Amurka ya fitar a 1981, ta wata kafa da ke bayan kwamfuta, mai suna RS-232, ake jona shi. A 1998 kamfanin Intel ya keɓe wa modem gurbi a kan babban allon cikin kwamfuta, aka kira shi AMR, sannan CNR ya gaje shi a 2000. Duk an daina yayinsu, ita ma tsohuwar kafar USB ta ture ta.

Abin lura shi ne, irin wannan modem ba ya aiki sai da layin tarho na ƙasa. Kafin 2001 kuwa, layukan da ke aiki a Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, galibinsu a manyan birane. Ke nan masuncin Wara, a gaɓar tafkin Kainji, bai yi hulɗa da na'urar ba, balle ya raɗa mata suna.

Waya

Ita kuwa waya, daga Turanci aka aro ta da ma'anar siririn ƙarfe. Zuwan tangaraho ya haifar da "gidan waya" da "buga waya", sannan tarho ya gaji sunan. Da salula ta shigo a 2001, sai aka ce mata "wayar hannu", alhali ba ta da zare ko ɗaya. Yau da ita fataken kifi ke jin farashi daga kasuwar Yawuri.

Kammalawa

Daga nan za a fahimci cewa amfanin yau da kullum ne ke raya kalma, har ta yi tsawon rai fiye da abin da aka fara kira da ita. Saboda haka ya kamata masu ƙirƙiro kalmomin kimiyya su fara sauraron bakin jama'a a kasuwa da kwata, kafin su zauna tsara ƙamus.