Ƙasar da ba ta cewa ya isa

Ɗana, matso nan ka zauna. Mahaifiyarka ta ce wasan nan na kwamfuta ya ɗauke maka hankali, ta ce in yi maka magana. Zan yi, amma ba faɗa na kira ka in yi maka ba. Na san daɗin Skyrim, shi ya sa ma ta turo ka wurina.

Wasan ya kwana biyu a duniya. Kamfanin Bethesda da ke jihar Maryland a Amurka ne ya fitar da shi ranar 11 ga Nuwamba, 2011, ƙarƙashin jagorancin Todd Howard. Shi ne na biyar a jerin wasannin The Elder Scrolls. An sake fitar da shi a 2016 da gyararren hoto, ya hau Nintendo Switch a 2017, aka kuma yi masa sabuwar fitowa a 2021 da ya cika shekara goma. A 2023 Howard ya ce an sayar da fiye da kwafi miliyan 60. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya daɗe haka a hannun mutane, akwai abin da yake ba su.

Ka tuna yadda yake farawa. Kana cikin keken doki, hannunka a ɗaure, ana kai ka garin Helgen a sare maka kai. Ba ka da ko sisi, sunanka ma ba ya cikin takardar masu laifi. Ka ɗora wuya a kan gungume ke nan, sai Alduin, baƙin dodon nan mai fuka-fuki da aman wuta, ya sauko ya hargitsa garin. Ka tsere ta cikin kogo. Da ka fito, sai ƙasa ta buɗe a gabanka. Ga hanya ta gangara zuwa ƙauyen Riverwood, kogi na gudu a gefe, dogayen itatuwa na kaɗawa, can a kan dutse mai ƙanƙara ga wani tsohon kango yana kallonka. Duk abin da idonka ya hango, ƙafarka za ta iya kai ka. Kuma ba mai tsaye a kanka. An ce ka je Whiterun ka sanar da sarki, amma in ka ga dama ka bi barewa cikin daji, ko ka tsaya kana tsinkar furanni har rana ta faɗi.

Na fahimci abin da wannan yake yi wa zuciyar matashi. Tun asuba ana aikenka. Je ka, dawo, zauna, tashi. A makaranta ma haka. Sai ga wata ƙasa da ake roƙonka taimako, kai ne mai cewa to ko a'a. Wa zai ƙi?

Akwai kuma abin da ya fi wannan kama zuciya, shi ne a can wahala ba ta faɗuwa ƙasa banza. Fannonin gwaninta goma sha takwas ne a wasan, kowanne kuma da yinsa yake ƙaruwa. Ka tsaya a maƙerar Alvor a Riverwood, ka haɗa ƙarfe da tsirin fata, ka ƙera 'yar wuƙa, nan take ka ga ma'aunin ƙira ya motsa. Ka ja baka, harbinka ya ƙaru. Ka yi ciniki, bakinka ya ƙara kaifi. Ka tara zinariya dubu biyar, ka sayi gida a Whiterun, ba mai ce maka ka dawo gobe, ba mai tambayar ɗan wane ne kai. A waje kuwa ka ga yayyenka da suka gama karatu suna yawo da takardu shekara da shekaru. Don haka in ka ce a can kake jin kai ma wani ne, ban ga laifinka ba. Yunwa ce ta gaske, kuma waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun san inda take.

Ina kuma yaba musu da abu guda. Sun yi ƙasar da ba ta mantuwa. Kusan duk wanda ya fara wasan yana da labarin kazar Riverwood. Ka kai mata sara don gwaji, sai ƙauyen duka ya taso maka, har maƙerin da ya ba ka masauki ɗazu. Ka ɗauki kayan wani a gaban ido, dogarai su tare ka: ko tara, ko kurkuku. Abin da ka shuka shi kake girba, ko a ƙasar ƙarya.

To, ga inda hankalina bai kwanta ba. Tatsuniyar da kakarku take yi muku da dare tana da ƙurunƙus. Komai daɗinta, akwai inda za a ce ta ƙare, kowa ya je ya kwanta. Skyrim ba shi da wannan. Ko ka kashe Alduin, ƙasar tana nan. Yaƙin basasa tsakanin sojojin daula da 'yan tawayen Ulfric yana jiranka. Makarantar masu sihiri ta Winterhold tana jiranka, mayaƙan Whiterun ma haka. Kuma da gangan aka saka wani tsari a ciki mai ƙirƙiro ƙananan ayyuka ba iyaka: je kogo kaza ka kori 'yan fashi, je ka ɗauko abu kaza. Kana hanyar wani aikin, alamar wani kogo ta bayyana a saman allo, ka ce bari in leƙa kawai. Daga nan sai ka ji kiran assalatu.

Ka san abin da ke biyo baya. Ido ya yi ja. Asuba ta wuce, ko a yi ta a gaggauce. A aji malam na magana kai kana gyangyaɗi. Mahaifiyarka ta kira ka sau uku kana cewa ina zuwa, har ta gaji ta aiki ƙanenka. Ba za ta ce komai ba, amma abin yana taruwa a ranta. Abokai su zo ƙofar gida su koma, wata rana su daina zuwa. Ba a rana ɗaya ake rasa waɗannan ba, da kaɗan-kaɗan suke zubewa, shi ya sa mai abin ba ya lura. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da saka jarabar wasannin bidiyo cikin kundin cututtukanta. Alamomin da ta ba da su ne mutum ya kasa riƙe kansa, wasan ya sha gaban sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar, yawanci har tsawon shekara guda. Mafi yawan masu wasa ba sa kai wa nan, kai ma ba ka kai ba. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sauƙin abin shi ne wannan wasan yana da haƙuri. Kai kaɗai ne a ciki, ba wasu abokan wasa a intanet da za su ce ka gudu ka bar su. Kusan ko'ina kake za ka iya adana inda ka tsaya. Ka tafi wata guda ka dawo, dodon yana nan inda ka bar shi, bai ci kowa ba. Saboda haka tun kafin ka kunna, ka yanke lokacin tashi. Kuma kada ka tsaya a bakin kogo, don zuciya ba za ta bar ka ba. Koma gari, sayar da kayan da ka kwaso, shiga masauki, sannan ka kashe. In an kira salla ko an kira sunanka, ajiye. Ba abin da zai ɓace.

Akwai wata dattijuwa a Amurka, Shirley Curry, haifaffiyar 1936, wadda ta yi suna a YouTube da buga Skyrim, tana kiran masu kallonta jikokinta. In ka samu dama ka kalli bidiyoyinta ka ga yadda take yi. Ba ta gaggawa. Tana tsayawa ta dubi ruwa, ta karanta littattafan da ke cikin wasan, ta yi hira da mutanen gari. Ni a ganina ta fi masu kwana a kai morar abin.

Sai maganar ƙannenka. A Amurka an ware wasan ga 'yan shekara 17 zuwa sama, a Turai 18. Akwai jini, akwai sare kai, akwai tsafi da gumakan ƙirƙira. Kai ka san labari ne aka tsara, ka san inda imaninka yake. Yaro ɗan shekara bakwai bai san wannan ba, kuma shi ne zai farka da kuka cikin dare. In za ka shiga irin wuraren nan, ka sallame su tukuna. Wasan zai kuma ba ka damar shiga ƙungiyar ɓarayi ta Riften ko ta masu kisan haya. Ba dole ba ne. Ta masu kisan ma an ba ka hanyar rusa ta gaba ɗaya, ni ita na fi so maka.

In ka yi nisa, za ka hau dogon dutsen nan da ya fi kowanne tsawo, ka wuce gidan dattawa masu furfura a High Hrothgar, ka tarar da Paarthurnax a ƙoli. Tsohon dodo ne da ya yi ɓarna a da tare da Alduin, daga baya ya juya masa baya, ya koya wa mutane yadda za su yaƙe shi, ya zauna shekaru aru-aru yana danne halinsa. Mataimakanka biyu, Delphine da Esbern, za su ce sai ka kashe shi saboda laifinsa na da, in ba haka ba su janye maka taimako. Kada ka yi saurin zare takobi. Zauna ka saurari tsohon tukuna, ka auna abin da ya yi da abin da ya zama. Ni dai na bar shi da ransa, kuma har ƙarshen labarin ban rasa komai ba sai taimakon waɗancan biyun.