Yadda Ake Raba Girkin Gado a Walimar Sallah da Ta Haɗa Kowa

Kusan kowane gida a ƙasar Hausa yana da tukunyar da aka san shi da ita. A wani gidan masa ce, wadda Kanawa ke kira waina, mai taushi da ba ta shan mai. A wani miyar taushe ce. A wani kuma alkaki, ko dubulan, ko dambun nama. Idan aka bincika, sai a tarar ilimin girkin yana hannun mace ɗaya ko biyu, galibi masu shekaru, kuma ba a rubuta shi ko'ina ba. Ranar da mai shi ta kwanta dama, sai jikoki su riƙa cewa tun bayan Hajiya ba su sake cin irinsa ba. Gona tana ƙanƙancewa idan magada suka raba ta, amma girki yawan hannun da suka iya shi da yawan bakin da suka san ɗanɗanonsa su ne ke raya shi. Shi ya sa nake ganin babu inda ya fi dacewa a miƙa wannan gado kamar walimar Ƙaramar Sallah da aka buɗe wa dangi da surukai da maƙwabta, Musulmi da Kirista, mai lafiya da mai lalura. Ga yadda za a shirya ta.

Mataki na farko shi ne a zaɓi girki ɗaya ko biyu, a kuma nemi mai shi tun azumi bai yi nisa ba. Goman ƙarshe lokaci ne na ibada da ɗinki da cefane, tsohuwa ba za ta samu natsuwar koyarwa ba. A je mata da ladabi da ɗan goro ko turare, a ce: "Gwaggo, muna so ku nuna mana yadda kuke yin masar nan, bana ita za a ci da Sallah, kuma da sunanku za a kawo ta." A nan ne ake cin karo da ƙorafi na farko, wato cewa girki sirrin gida ne. Wannan magana tana da tushe. Matar da ke tuyar masa a ƙofar gida da ita take ciyar da 'ya'yanta, kuma wadda ke zaune da abokiyar zama tana kallon iya girkinta a matsayin darajarta. Kada a matsa wa kowa. Mai sana'a tana iya koya wa 'ya'yanta da jikokinta kaɗai, ta bar baƙi su ci su yaba. Abin da ya kamata a nuna mata cikin hikima shi ne, sirrin da ba a ba ko mutum ɗaya ba ƙasa ce za ta gaje shi, kuma duk wanda ya koya a hannunta da sunanta zai riƙa yi.

Mataki na biyu shi ne a mayar da awon hannu ya zama awon da kowa zai iya bi. Tsofaffi ba sa cewa giram kaza. Cewa suke yi "ɗan daidai", ko "har sai ya yi". Mudu ma ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Don haka a ɗauki ma'auni ɗaya da ke kowane gida, kamar gwangwanin madara da cokalin shayi, duk abin da ta ɗebo a tare shi a auna kafin ya shiga tukunya. A yi gwaji sau ɗaya don buɗa-baki, wata na aunawa, wata na rubutawa, wani na ɗaukar murya da waya idan ta yarda. A masa, alal misali, a rubuta gwangwani nawa na shinkafar tuwo aka jiƙa, awa nawa ta yi a ruwa, nawa aka dafa aka haɗa da ɗanyar kafin niƙa, da yawan yisti da sukari da albasa. Sannan a rubuta alamomi, domin su ne ainihin ilimin: yadda ƙullu ke kumburowa ya yi ƙananan idanu a sama, ƙanshin tsamin da ke nuna ya tashi, ɗigon ruwan kanwa da ke kashe tsamin idan ya wuce kima, kaurin da ƙullu ke da shi idan ya zubo daga ludayi, da yadda gefen masa ke bushewa a cikin tanda kafin a sa cokali a juya. Wasu za su ce takarda ba ta koya hannu. Gaskiya ne, gani ya kori ji, shi ya sa rubutun ke tafiya tare da tsayawa a gaban murhu. Amfanin takarda shi ne ta tuna wa hannu abin da ya riga ya koya, musamman a girkin da ake yi sau ɗaya ko biyu a shekara.

Mataki na uku shi ne a jera waɗanda za a gayyata, a kuma tambayi abin da kowa ke ci da abin da ba ya ci. Walimar da ta haɗa kowa tana farawa ne daga wannan tambaya. Akwai dattijo mai ciwon suga, da gwaggo mai hawan jini, da tsohon da haƙori ya ƙare masa, da yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, da surukar da ta fito daga wata ƙabila ba ta saba da daddawa ba. Akwai kuma maƙwabta Kiristoci. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah a Najeriya ranar 30 ga Maris, a tsakiyar azumin Kiristoci na kwana 40 da ke gabatar Ista, kuma mabiya ɗariƙar Katolika suna ƙaurace wa nama a ranakun Juma'a na wannan lokaci. Wanda ya san haka zai tanadi kifi ko miyar ganye idan walimarsa ta faɗo a irin wannan rana. Mai ganin gayyatar wanda ba Musulmi ba kamar sassauci ne a addini ya tuna cewa aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba, aya ta 5 a Suratul Ma'ida kuma ta yi maganar halaccin abinci tsakanin Musulmi da Ma'abota Littafi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Abu Zarri ya ƙara wa romonsa ruwa don maƙwabta su samu. Game da bai wa wanda ba Musulmi ba naman layya kuwa malamai sun yi saɓani, wannan ma yana cikin dalilan da suka sa na zaɓi Ƙaramar Sallah. A garuruwa irin Kaduna da Jos, inda rikice-rikicen 2000 da 2001 suka sa unguwanni suka rabu bisa addini, akwai yaran da suka tashi ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Kwanon masa ba zai warware wannan shi kaɗai ba, amma zumunta a ƙafa take, kuma dole wani ya fara takawa.

Mataki na huɗu shi ne a gyara girkin don masu lalura ba tare da an ɓata asalinsa ba. Dabarar ita ce raba tukunya a daidai lokaci. A miyar taushe, bayan an tafasa tantaƙwashi da albasa da daddawa, an zuba kayan miya, kabewa ta nuna an dame ta, a nan ne za a ɗebi kaso a ƙaramar tukunya kafin a sa niƙaƙƙiyar gyaɗa da dunƙule da attarugu mai yawa. Daga nan kowace tukunya ta samu alayyafo da yakuwarta. Wanda gyaɗa ke sa wa kumburi ko sarƙewar numfashi, a ware masa ludayi da kwano, a tuna cewa man gyaɗa da yajin ƙuli-ƙuli duk gyaɗa ne. Ga mai hawan jini, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin cokalin shayi guda, kuma dunƙule cike yake da gishiri. Daddawa da citta da tafarnuwa da masoro suna cike gurbin ɗanɗano. A ajiye zoɓo da kunun aya marasa sukari a gefe, a bar mai ciwon suga ya ɗebi gwargwadon abin da likitansa ya tsara masa ba tare da an yi ta cusa masa ƙari ba. Alkakin da aka tsoma a zuma kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara ba. Za a samu mai cewa wannan sauyi cin amanar girkin kakanni ne. Tarihin tukunyar kanta ya ba shi amsa. Tumatir da tattasai da attarugu da gyaɗa da masara duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Kalmomin alkama da alkaki daga Larabci muka aro su. Kakannin da muke karewa su ne suka karɓi baƙon abu suka mayar da shi nasu. Abin da ya dace shi ne a rubuta asalin girkin yadda mai shi ta bayar, sannan a rubuta gyaran a ƙarƙashinsa, kada ɗaya ya shafe ɗaya.

Mataki na biyar shi ne rabon aiki a jajiberi da safiyar Sallah. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kafa wa mai girkin kujera kusa da murhu, ta zama mai duba da ɗanɗanawa, matasa su yi aikin da hannunsu, ko da masar farko za ta ƙone. A sa samari a ciki: kai niƙa, yanka nama, daka dambu, har da tsayawa a gaban tanda, domin ɗan da zai tafi makaranta ko bautar ƙasa shi ma magaji ne. A roƙi surukar da ta zo daga Borno ta yi burabusko, ko ta Filato ta yi gwaten acha, kowace ta kawo gadon gidansu. Idan an ce tsadar rayuwa ba za ta bari ba, to a sani girki ɗaya da aka yi da kyau ya wadatar, kuma gidajen 'yan'uwa uku ko huɗu suna iya haɗa cefane. Sai a kula da zafi: dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ko cikin sanyi ba, abin da aka ɗumama kuma ya yi zafi har cikinsa.

Mataki na shida shi ne zama da rabo. A shimfiɗa tabarmi yadda gidan ya saba, maza a zaure mata a cikin gida idan haka al'adar take, amma tukunya ɗaya za a raba wa ɓangarorin biyu. A tanadi kujera ga mai ciwon gwiwa, a zaunar da baƙo kusa da wanda zai riƙa yi masa bayani. Kafin a sa hannu, babba a gidan ya ambaci sunan girkin da mai shi da wadda ta koya mata, ya yi wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya addu'a. Waɗanda ba su samu zuwa ba, kamar mai takaba da mara lafiya da maigadi da ke bakin aiki, a aika musu da kwano tun abinci na da zafi. Almajirai a zuba musu daga sabon girki tare da kowa, kada a jira sai an kai ga ƙanzo.

Mataki na bakwai, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne miƙa ilimin kansa. Duk wanda ya yaba ya tambaya, a ba shi takardar, da boko ko da ajami, ko a tura masa muryar ta WhatsApp, matuƙar mai girkin ta amince, kuma sunanta na sama. A tambayi baƙo shi ma yadda ake yin nasu, idan Kirsimeti ta zo ya aiko da gayyata a amsa. A ajiye littafi guda a gidan, kowace Sallah a ƙara girki ɗaya. A 2020 hukumar UNESCO ta sanya ilimin yin kuskus na Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Muritaniya cikin jerin al'adun da duniya ta gada, a 2021 ta sanya dafa-dukar shinkafa da kifi ta Senegal, a 2024 kuma hawan Sallar Kano ya shiga. Abin da aka karrama a girke-girken nan shi ne yadda ake koyar da su da yadda ake taruwa a ci. Namu ma ta wannan hanya za su ɗore.

Uwargida da maigida, idan akwai tsohuwa a gidanku da hannunta ke da albarka, ku je ku zauna a gabanta tun tana iya riƙe ludayi. Ku koya, ku rubuta, ku dafa, ku kira maƙwabci ya ci. Allah Ya kai mu Sallah lafiya, Ya sa albarka a tukwanenmu.